Sadakina Kwalba Ce

Salamu alaikum mutanena. Saƙonninku duk na gani, har da na baiwar Allahn nan da ta rubuto min cewa, "Kazija, iyayi ne kawai ke damunki, saurayi mai ilimi ya biyo ki har gida kina ta jan aji." Na gode 'yar uwa. Ki gyara zama ki ji irin jan ajin nawa, in ya so sai ki sake yanke min hukunci. A tsaye nake wannan rubutun, don tun jiya na kasa zama wuri ɗaya, in na zauna sai in ji kamar tabarmar tana cizona.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Kazija, 'yar Jambiani ce ni gaba da baya, a nan Zanzibar. Mahaifiyata Bi Miza noman mwani take yi, jar ciyawar tekun nan da matan garinmu ke ɗaurewa a jikin igiya su bar ta cikin ruwa ta girma. Ni kuma ina cikin ƙungiyar matan da ke yin sabulu da ita. Kafin azumin bana Mama ta ji ƙullutu a nononta na hagu. Muka je cikin gari, aka ɗebi tsoka aka auna, likita ya ce ciwon daji ne, a haye Dar es Salaam a jirgin ruwa a yi mata aiki tun bai yi nisa ba. Aka ba mu rana, ranar ta zo ta wuce Mama tana cikin ruwa tana ɗaurin mwani. Da ƙyar da magiya na samo wata ranar, ita ce Litinin ɗin nan da ke tafe. Wannan ce damuwata, ba lalle ba, ba akwatin aure ba.

Karon farko da bamvua ta fake, kwanakin nan da ruwa ke janyewa can nesa har gonaki su fito fili, waɗanda a cikinsu kaɗai ake iya aiki. Cewa ta yi, "Wa zai kwashe min mwani? Ke da ko ƙullin kirki ba ki iya ba?" Karo na biyu kuwa da Ameir ta fake, kuma shi ya miƙa mata mafakar da bakinsa.

Ameir shi ne saurayin da kuke ta yi min faɗa a kansa. A wani ɗakin gwaje-gwaje yake aiki a cikin gari. Yakan zo garinmu a kan Vesfarsa da shuɗiyar kula ɗaure a baya, ya sayi ɗanyen mwani daga hannun mata. Busasshe ba ya so, wai rana tana cinye launin, shi kuma launin yake nema. Dogo ne, siriri, rigarsa kullum a goge, in ya naɗe wando ya shiga ruwa sai yara sun yi dariya, don tafiya yake kamar mai tsoron ya ta da wani daga barci. Duk garin Dokta suke ce masa. Bai taɓa cewa shi likita ba ne, amma kuma bai taɓa cewa a daina ba. Ina son shi, kada wata ta ce ban faɗa ba. Ina son yadda yake kirana Zija, ina son yadda yake tsayawa ya saurari surutuna kamar wani abin kirki nake faɗa. Matsalar Ameir ɗaya ce, ba ya iya kallon babba ya ce masa a'a.

Ranar da abin ya faru Mama ce ta tsare shi sai ya ci abinci. Shinkafa ce da miyar kifi mai kwakwa, da ganyen rogo a gefe. Yana kan dakali shi da mahaifina Baba Jecha, mu muna daga bakin ƙofa. Lokacin bai san da ciwon Mama ba, don ta rantsar da ni kada kowa ya ji.

Baba ya ce, "Wai Dokta, me kuke yi da ciyawar nan ne? Mun ji wasu a man goge baki suke sawa. Ku kuma fa?"

Ameir ya goge hannu ya zaro waya. Na san wannan fuskar tasa, fuskar bari in burge surukai ce.

"Launin muke cirewa, Mzee. Ka ga wannan?" Ya nuna hoton wata 'yar kwalba, ruwan cikinta ja mai ɗaukar ido. "Mun ɗiga shi a kan ƙwayoyin ciwon daji a cikin faranti, kafin a jima da yawansu sun mutu."

Na juya na dubi Mama. Ludayi na hannunta, miya tana ɗiga a kan zanenta na kanga ba ta ma sani ba. Ya ce "a cikin faranti", ni shaida ce, da kunnena na ji. Amma Mama "sun mutu" kawai ta ɗauka.

Washegari ta ɗora tukunya. Ta zaɓo mwani mafi ja a gonarta, ta wanke, ta zuba a tafasasshen ruwa. Duk wanda ya taɓa dafa mwani ya san da ya ji zafi sai ya koma kore. Mama ta leƙa tukunyar ta kira ni.

"Zo ki gani. Jan ya fita daga jikinsa, ya shiga ruwa."

"Mama, ruwan ai ba ja ba ne."

"Ya narke ne. Sukari ma in ya narke kina ganinsa?"

Tun daga ranar safe da yamma sai ta sha kofi guda, tana yatsina fuska tana cewa Alhamdulillahi. Gidanmu ya koma warin bakin teku, har labulen ɗakina. Na ce mata ba haka abin yake ba, ta ce, "Ke ce Dokta ko shi?" Da na ga abin ya fi ƙarfina sai na karya rantsuwa na rubuta wa Ameir.

"Mama tana da ciwon da ka yi magana a kai. Yanzu mwani take dafawa tana sha, ta ce ba za ta je Dar ba."

Ya kira nan take. Ya yi salati, ina jin numfashinsa. Da na katse sai ga saƙo.

"Zija, zafi lalata launin yake yi. Ba ya shiga ruwan. Ruwan gishiri kawai take sha. Kuma ko wanda ke wurinmu ba a taɓa ba mutum ba."

"To zo ka gaya mata."

"Zan zo. Ina neman yadda zan faɗa ban karya mata zuciya ba."

Yana nema, yana nema, har wata ya mutu wani ya tsaya. Ya zo gidanmu ya fi a ƙirga. Wata rana a gabana Mama ta miƙa masa kofin ta ce ya duba ko ya yi kauri yadda ake so. Ya karɓa, ya kalla, ya mayar mata ya ce, "Allah ya ba da lafiya, Mama." Wallahi ranar sai da na zagaya bayan gida na ciji gefen mayafina don kada in yi ihu. Da ya tashi tafiya ko rakiya ban yi masa ba.

Da Mama ta ga ƙullutun bai ragu ba, sai ta ce ai nata haɗin gida ne, na gasken yana cikin kwalbar Dokta, ɓoye shi yake yi don manyansa. Ta aika wa Shangazi Mwatima, yayar Baba, da ke aure a Makunduchi. Ranar Laraba sai ga ta ta sauko daga dala-dala, motar hayarmu, da jaka kamar mai ƙaura, ta ɗaura kanga mai rubutun habaici a gindinta, irin wadda take ɗaurawa in ta zo yin faɗa.

Na durƙusa na gaishe ta na ce, "Shikamoo, Shangazi."

"Marahaba. Ke har yanzu ba ki yi kumari ba? Sabulun kike ci ne?"

Ba ta ko huta ba ta jawo kujerar kankare kwakwa ta hau, ta sa ni a gaba. Mama tana gefe tana yanka 'yan zaren ɗaurin mwani, kanta a sunkuye.

"Jibi Juma'a mutanen Dokta za su zo neman aurenki. Ni zan shigo ɗaki in tambaye ki sadakinki kamar yadda aka saba. Me za ki ce?"

A wurinmu yarinya ce ke faɗin sadakinta da bakinta, a gaban mata, kuma abin da ta faɗa shi za a kai wa maza ba ragi ba ƙari. Wata gado da kabad take cewa, wata sarƙar zinare. Ni tun ina makaranta na san abin da zan ce.

"Keken ɗinki, Shangazi."

"Keken ɗinki." Ta daina kankarar ta dube ni. "Ki ɗinka wa uwarki likkafani da shi?"

Na dubi Mama, ba ta ɗago ba.

"Kwalbar za ki ce. Cikakkiya, ba ɗigo ba. Abin da amarya ta ambata, namiji ko ya kawo ko ya koma gidansu da kunya. Sai mu ga ta inda zai ɓoye mana ita."

"Shangazi, ba ɓoyewa yake ba. Ba magani ba ce."

"Yo in ba magani ba ce me ya sa yake sa ta a ƙanƙara kamar nama? Ke dai yarinya ce. Shi namiji ba ya sakin abu mai daraja sai an kama shi ta inda ba zai iya zillewa ba."

Sai a lokacin Mama ta yi magana, a hankali, tana ci gaba da yankan zarenta. "Ki yi abin da shangazinki ta ce. In na sha na ga bai yi ba, sai mu yi maganar jirgi."

"Litinin fa, Mama?"

"Litinin bamvua ce."

Na tashi na shige ɗaki. Na ninke kayan da na riga na ninke, na share ƙasan da na share da safe, na fito tsakar gida na koma. Ranar Alhamis a wurin aiki na zuba turaren karanfani sau biyu a haɗin sabulu, shugabarmu ta ce in tafi gida tun ban yi musu asara ba. A hanya na tsaya gindin wata kwakwa na gaya wa Ameir komai. Ina kallon wayar, ya fara rubutu ya goge, ya sake farawa ya goge.

"Zija, na yi tunani. Zan kawo kwalbar. Kaɗan ne a ciki, ba na jin zai cutar da ita. Hankalinta ya kwanta, a sa mana rana, sannan mu lallaɓa ta a hankali."

"Ba ka san Mama ba. In kwalbar nan ta shiga hannunta da cokalin shayi za ta riƙa sha har baɗi."

"In na ce ba magani ba ce yanzu, na zama maƙaryaci a idonta. Ba za ta ba ni ke ba."

"Wataƙila."

"Wataƙila kawai za ki ce min?"

Ya turo hoton zuciya, na kife wayar a cikin jaka.

Kada ku ɗauka ni wata waliyyiya ce. Wallahi na so in yarda. Kalma ɗaya ce fa, in ce "kwalba", shi ke nan kowa ya yi murmushi, Mama ta yi guɗa, Shangazi ta sa min albarka, ni in samu Ameir. Har ɗakin da zai kama mana a cikin gari na hango, da labulen da zan sa. Na ce a raina ai ba ni na yi ƙaryar ba, ba ni na fara ba. Sai kuma in tuna yadda Mama ke dafe gefen ƙirjinta in ta ɗaga buhun mwani, tana zaton ban gani ba. Haka na wuni, zuciya ɗaya ta ce e, ɗaya ta ce a'a, abinci ma na kasa ci.

Juma'a tun da hantsi gidan ya cika da hayaƙin turaren wuta. An shimfiɗa sababbin tabarmi a dakali, an jera ƙananan kofunan gahawa a faranti, ga alewar halwa an yanka an rufe da kyalle. Baba ya sa farar jallabiyarsa ta kanzu da hularsa ta sallah, yana ta kai da komo yana gyara abin da ba ya bukatar gyara. Mama ta sa koriyar dera, doguwar rigar nan tamu, ta yafa kanga biyu don kada a lura da yadda ta rame. Ni Shangazi ce ta shirya ni, dera ruwan goro mai zanen ganye, kwalli har sai da idona ya yi ruwa, 'yan kunnen Mama na aurenta, da furen yasmin da ta soka min a gashi tana cewa in daina motsi kamar mai ƙaiƙayi.

Bayan la'asar suka iso, baffan Ameir da wasu dattawa. Shi ango ba ya zuwa irin wannan zama, sai ya tsaya can bakin layi. Wayata ta yi motsi a ƙarƙashin cinyata.

"Ina gaban shagon mai shayi. Tana cikin kula. Zija, don Allah."

Ina jin maza a waje suna gaisuwa, suna tambayar ruwa da kamun kifi, suna zagaye-zagaye kafin su zo kan magana. A ɗakina kuwa maƙwabtanmu mata sun zauna sun jeru a bakin gado, Mama tana kan kujera kusa da ƙofa. Can Shangazi ta ɗaga labule ta shigo tana taku ɗaiɗai, ta gyara murya.

"Kazija 'yar Jecha, mutane sun zo da alheri. Ubanki ya ce a tambaye ki. Mene ne sadakinki?"

Ta kashe min ido. Na dubi hannuwan Mama a kan cinyarta, duk gishiri ya tsattsaga su.

"Sadakina, Ameir ya shigo nan da ƙafarsa, ya gaya wa Mama mene ne a cikin kwalbar nan, abin da ta yi da abin da ba ta yi ba. In ya faɗi gaskiya, ko zoben azurfa ya ɗora a kai ya ishe ni."

Shangazi ta matso har ina jin ƙamshin karanfanin da take taunawa.

"Ba haka muka yi da ke ba."

"Ni aka tambaya, Shangazi."

Ta juya ta dubi matan, ko za ta samu wadda za ta ce ba ta ji ba. Duk sun ji. Wata tsohuwa daga cikinsu ta ce, "Mwatima, abin da yarinya ta faɗa shi ake kaiwa." Shangazi ta yi ƙwafa ta fita. Na ji muryarta a waje, sannan na ji gunagunin maza, baffan Ameir yana cewa shi tunda yake bai taɓa jin irin wannan sadaki ba. Babana, wanda sai ya wuni bai haɗa jimla uku ba, shi ne ya ce, "A kira yaron."

Matan suka fito tsakar gida, ni aka bar ni a bayan labule ina leƙe. Ya shigo rungume da kular, rigarsa ta jiƙe da gumi a baya. Ya durƙusa a gaban Mama.

"Shikamoo, Mama."

"Marahaba, ɗana. Ka zo da ita?"

Ya buɗe kular ya ciro ta daga cikin ƙanƙara. 'Yar mitsitsiya ce, ba ta fi kwalbar turare ba. Hasken yamma ya doke ta, ruwan ya yi ja yana sheƙi, matan suka hau cewa Masha Allah. Ni ma ba ƙarya, da ban sani ba da na ce magani ne. Mama ta miƙa hannu biyu.

Ameir ya dubi labulen da nake. Ya dubi hannun Mama. Na ga hannunsa ya fara miƙewa, na ce a raina shi ke nan, zai ba ta, na rasa shi na rasa Litinin. Na runtse ido.

"Mama, ni ba likita ba ne."

Na buɗe ido. Ya mayar da kwalbar jikin ƙirjinsa.

"Ban taɓa duba mara lafiya ba. Abin da na nuna wa Mzee gaskiya ne, amma a faranti ne, faranti ƙarami kamar murfin kwalba. Abubuwa da yawa suna kashe ƙwayoyin nan a faranti, su kasa komai a jikin mutum. Wannan ko ɓera ba mu ba ba tukuna. Wataƙila wata rana a samu wani abu a cikinsa, wataƙila ba za a samu ba, kuma ko za a samu ba bana ba, ba baɗi ba. Wanda kike dafawa kuwa, zafi ya riga ya lalata launin. In na ba ki wannan na ce ki jira, na cuce ki. Ki je a yi aikin, Mama."

Hannuwan Mama suna nan a miƙe, ta jima kafin ta sauke su.

"Ka ci shinkafata. Na miƙa maka kofi na ce ka duba min."

"Haka ne."

"Me ya hana ka faɗa a ranar?"

"Kunya na ji, Mama."

"Kunya." Ta jinjina kai, ta dafa bango ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba, amma har dakali an ji ta. "Jecha, ka sallami baƙinka. Su sha gahawarsu su tafi, 'yata ba ta tashi aure ba."

Ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Matan suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, kowacce da labarin da za ta kai gida. Halwar nan ko taɓa ta ba a yi ba. Shangazi ta zo ta tsaya a kaina tana cire min furen daga gashi da ƙarfi.

"Kin ji daɗi? Ba miji, ba magani, ga garin duk ya san ciwon uwarki. Keken ɗinkin ma da kin ce da ya fi."

Bayan magariba saƙonsa ya shigo.

"Na biya sadakin, Zija. Ban sani ba ko ina da mata."

Na karanta ya fi sau nawa. Na rubuta "na gode" na goge, na rubuta "ka yi haƙuri" na goge. Kuka na yi, mai yawa, na haushi da na tausayi da na son shi, don ban taɓa son shi kamar lokacin da yake durƙushe yana tona wa kansa asiri ba.

Yau Asabar da safe na fito na tarar murhu a kashe, ba tukunyar mwani a kai. Mama ba ta gida. Na leƙa bakin teku, ruwa ya janye, can na hango ta ita kaɗai a gonarta, zaune cikin ruwa zuwa ƙugu. Na tattare zane na bi ta, ina tsallake turakun mutane. Da na isa ba ta dube ni ba, ta dai turo min igiya da damin zare. Na zauna kusa da ita na fara ɗauri.

"Ƙullinki ya yi sako-sako, ruwa zai tafi da shi," in ji ta. Ta karɓa ta gyara. Sannan ta ce, "Kina zaton ni wawiya ce, ko?"

"A'a, Mama."

"Tun kafin a haife ki hannuna ke cikin mwani. Na ci shi, na yi wanka da shi, na kwana da warinsa. Da yana hana ciwon nan, ta ina ya shige ni?"

Na saki igiyar. "To me ya sa, Mama? Duk wannan shan, duk wannan rigimar?"

"Saboda muddin ana maganar kwalba, ba a maganar jirgi."

Ta nuna da haɓa gonar da ke gefen tamu, turaku a tsaye ba igiya, gansakuka ta rufe su.

"Mai wannan gonar tare muka fara noma. Ita ma Dar aka kai ta, da ƙafarta ta hau jirgi tana ce min in duba mata igiyoyi. Can aka binne ta, cikin mutanen da ba su san sunan uwarta ba. Tsoro nake ji, Kazija. So na yi in ga lallenki tukuna. In aka yanka ni ban tashi ba, wa zai zaunar da ke a ɗakinki? Mwatima?"

Ta ɗan yi dariya, ni ma na yi, hawaye yana shiga min baki.

"Yaron nan jiya ya ƙwace min abin da nake ɓuya a bayansa, a gaban mata. Shi ya sa na kore shi, kuma ban huce ba, kada ki yi zaton na huce. Amma ya dube ni ya ce min a'a. Ubanki bai taɓa iyawa ba."

"Za ki je?"

"Ki ce masa ya samo mana wuri a jirgin gobe. Kada ya zo tasha, ba na son ganinsa." Ta ɗauraye hannunta a ruwa. "Kawo hannunki."

Na miƙa mata. Ta waiga ta tabbatar ba kowa kusa, sannan ta cusa hannuna ƙarƙashin jiƙaƙƙiyar kangarta. Ba nonon ta kai shi ba, sama ta yi da shi, cikin hammata, ta danna yatsuna a wurin.

"Wannan tun wancan bamvua ya fito. Ba wanda ya sani. In mun je ke za ki gaya wa likitan, ni bakina ba zai iya ba."

Na ji shi, tauri kamar ƙwallon dabino. Na ɗan matsa yatsana baya kaɗan, sai na ji wani, ƙarami, a bayan na farkon. Na sake matsawa, na ji kamar akwai na uku. Ruwa ya fara dawowa yana taɓa mana ciki, Mama tana kallon fuskata ba ta ko ƙiftawa.

"Ɗaya ne, ko? Ƙarami ne ai."

Na zare hannuna a hankali, na gyara mata kangar.

"Ɗaya ne, Mama. Tashi mu je mu haɗa kaya."